Wa Ka Tambaya, Kuma Wa Ya Zaɓa Maka Shi?

Akwai wata jimla da ta zama tamkar hatimi a babi na uku na kundayen digiri a jami'o'inmu, wato babin da ɗalibi ke bayyana hanyar da ya bi ya tattara bayanansa. Zai rubuta cewa ya zaɓi waɗanda ya yi hira da su ne bisa manufa, ya ɗiga aya, ya wuce abinsa. Mece ce manufar? Shiru. Da wuya zango ya wuce ban ci karo da wannan jimla ba a wajen kare kundi, kuma idan aka matsa wa ɗalibin da tambaya, sau da yawa sai a tarar mutum goma sha biyar ɗin da ya gina bincikensa a kansu su ne kawunsa, da limamin unguwarsu, da abokansa biyu masu koyarwa a firamare, sai waɗanda ya iske zaune a tashar mota ranar kasuwa. Abin da ya sawwaƙa ya ɗauka, sannan ya sa masa babbar riga ya naɗa masa rawani.

Abin takaicin shi ne, hanyar da jimlar ke ambata hanya ce ta ilimi mai daraja. Kuma a nan yammacin Kano, a ƙasar Karaye da Rogo, muna da misalin da ya fi na littattafan Turai nuna ƙarfinta da iyakarta. Kafin mu isa can, bari mu share fage.

Tambayoyin mai bincike iri biyu ne. Akwai tambayar "nawa ne?": gida nawa ke noman rake a Rogo, yara kashi nawa cikin ɗari ke zuwa makaranta a Karaye. Irin wannan tambaya ƙuri'a take so. Mai sayen masara ba ya zazzage buhu ya bi ƙwaya-ƙwaya. Yakan ɗebo daga baki, ya ɗebo daga tsakiya da gindi, ya yanke wa buhun hukunci da abin da ya gani a tafin hannunsa. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada mai masarar ya zama shi ya ɗebo masa. Binciken ƙididdiga ke nan: a ba kowa dama daidai ta faɗawa cikin samfuri, sannan a auna jama'a duka da shi.

Sai kuma tambayar "yaya?" da "me ya sa?": yaya ake yi manomi ya sayar da rakensa tun yana gona, me ya sa uwa ke cire 'yarta daga makaranta a aji huɗu. A nan ƙuri'a ba ta biyan buƙata. Wanda saniyarsa ta kwanta ciwo ba ya tsayawa bakin kasuwa yana tare duk mutum na goma da ya gifta. Rugar da aka san tsohonta da sanin ciwon shanu yake nufa, ko da tafiyar wuni ce. Ya zaɓi wanda zai tambaya, kuma idan ka tare shi a hanya zai faɗa maka dalilin da ya sa ya wuce ruga uku ya nufi ta huɗu. Wannan dalilin da zai iya faɗa shi ne abin da ake kira manufa.

Ya kamata ɗalibai su san cewa wannan hanya ta taɓa shan kaye, kuma kayen na adalci ne. Bayan ƙidayar jama'a ta 1921 a Italiya, wasu masana ƙididdiga biyu, Corrado Gini da Luigi Galvani, sun so su adana wani ɓangare na takardun ƙidayar wanda zai wakilci ƙasar baki ɗaya. Suka zaɓi gundumomi 29 daga cikin 214 da hannunsu, suka daidaita su yadda matsakaicinsu zai yi daidai da na ƙasa a wasu ma'aunai kamar yawan haihuwa da mutuwa. Da aka gwada samfurin a kan wasu al'amuran da ba a yi la'akari da su wajen zaɓen ba, sai ya sha bamban da ƙasar. A 1934 Jerzy Neyman, masanin lissafi ɗan ƙasar Poland, ya tsaya gaban ƙungiyar masana ƙididdiga a Landan ya yi amfani da wannan misali ya nuna cewa duk mai son auna jama'a da alƙaluma, ƙuri'a ce mafitarsa. Tun daga nan aka rufe wannan babi, kuma ban san wani dalili na sake buɗe shi ba.

Ta wata ƙofar hanyar ta dawo. A 1967 Barney Glaser da Anselm Strauss, waɗanda suka yi nazarin yadda ake mu'amala da marasa lafiya masu jiran ajali a asibitocin Kalifoniya, suka rubuta cewa mai binciken fahimta ba ya kammala jerin waɗanda zai tambaya tun yana ofis. Abin da ya ji jiya shi ke nuna masa wanda zai nema gobe, kuma yana tsayawa ne idan ya kai matakin da za mu iya kira ƙoshi, lokacin da sabuwar hira ta daina kawo sabon abu. Daga baya Michael Patton ya tsara dabarun zaɓen dalla-dalla: a nemi wanda al'amarinsa ya kai maƙura, ko wanda yake tsaka-tsaki, ko a tara mutane masu bambanci da gangan, ko a nemi wanda labarinsa zai iya rushe abin da mai binciken ya fara gaskatawa. Wannan na ƙarshen shi ɗalibanmu suka fi gudu, alhali shi ne gishirin aikin.

To, mu zo gida.

Tsakanin Nuwamban 1949 da Janairun 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta shafe kimanin mako shida tana zama da wata tsohuwa, tana rubuta abin da take faɗa da Hausa. Mijinta, M. G. Smith, masanin halayyar al'umma ɗan Jamaika, yana nazarin tattalin arziki da sarautar Zazzau a lokacin. Namiji ne, iyakarsa zaure. Rabin al'ummar da ya zo nazari tana bayan katanga, kuma ko gida dubu ya zaɓa da ƙuri'a, maigida zai fito masa. Tsohuwar da matarsa ta zauna da ita sunanta Baba, an haife ta wajen 1877, kuma ta tashi ne a Karo, wani ƙauye kusa da garin Zarewa, Zarewar da a yau take mazaɓa a Ƙaramar Hukumar Rogo. A 1954 labarin ya fito a Landan a littafi mai suna Baba of Karo, kuma har gobe ana karanta shi a jami'o'in duniya. Nakan yi mamakin yawan ɗalibanmu 'yan wannan yanki da ba su taɓa jin sunansa ba.

Samfurin wannan aiki mutum ɗaya ne. Da ɗalibi zai kawo mana shawarar bincike a yau ya ce zai yi hira da tsohuwa ɗaya, na san malaman da za su kore shi tun kafin ya zauna. Amma dubi wace ce tsohuwar. Ta yi wayo kafin zuwan Turawa, ta kai shekara ashirin da 'yan kai lokacin da aka ci Kano a 1903, saboda haka zamani biyu ta gani da idonta. Danginta suna da rinji da bayi, ta ga yadda ake noma da su, ta ga kuma yadda suka watse. Ta tashi a kan iyaka, inda Kano da Zazzau da Katsina suke gogar juna, ta san tsoron mahara da fansar wanda aka kama. Aure huɗu ta yi, ta zauna da kishiyoyi, ba ta haihu ba amma ta riƙi 'ya'yan dangi. Tana da kaifin tunawa, kuma tsufa ya ba ta 'yancin fita da na magana da amarya ba ta da su. Duk wanda ke son sanin yadda ƙawance da tallafi da zawarci da bori suke a idon wadda ke cikinsu, wannan tsohuwa ɗaya ta fi masa takardun tambaya ɗari huɗu da aka cike a tsaye.

Sai dai zaɓen da ya buɗe wannan ƙofa shi ya rufe wasu. Baba 'yar gidan masu bayi ce, ba baiwa ba. Muna jin labarin bayin Karo ta bakin 'yar iyayen gijinsu, kuma ko da ta yi musu adalci a zuciyarta, baiwar da ta yi daka a rinjin da ta faɗi nata daban. Asalin danginta Barebari ne, tana kuma lissafa kanta cikin Haɓe talakawa, shi ya sa ta nuna irinsu sun yi maraba da zuwan Turawa saboda sun gaji da masu mulki. Da wata tsohuwa daga gidan sarauta aka zauna da ita a waɗannan makonni, da wata 1903 ɗin muka karanta. Wannan bai rage wa littafin daraja ba, domin an gaya mana wace ce mai maganar, 'yar wane ce, a ina ta tsaya take kallon duniya. Mai karatu yana iya auna maganarta. Ɓarnar takan zo ne daga masu ɗaukar jimlarta su rubuta "matan Hausawa suna ganin kaza", su mai da mace ɗaya ƙidayar jama'a.

Malamanmu na hadisi sun riga kowa gane wannan. Ba su taɓa jefa ƙuri'a a kan mutanen Madina ba. Sun bi wanda ya ji da kunnensa, sannan suka tsaya suna tambaya: wane ne shi, daga wa ya ji, yaya haddarsa take, akwai abin da zai ja shi ya karkata? Kuma suka rubuta amsar don na baya su duba. Ɗalibin da ya tashi yana jin isnadi a zaure bai kamata wannan ya zama masa baƙon abu a jami'a ba.

Yanzu mu ɗauki tambaya ta zamaninmu. A 1992 aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a Ƙaramar Hukumar Karaye, ɗaya daga cikin manyan madatsun da ke riƙe ruwan da ke gangarawa Haɗeja, tare da ta Tiga wadda ta girme ta. Ruwa ya ci gonaki da gidaje, aka tashi mutane, sana'ar su ta bunƙasa, noman rani ya samu sabon fage, a can ƙasa kuma mutanen fadamun Haɗeja da Nguru suka ga ambaliyar da suka saba noma da kiwo da ita ta canja. A ce ɗaliba 'yar Karaye tana son fahimtar yadda madatsar ta sauya rayuwar ƙauyukan da ke kewaye da ita. Wa za ta tambaya?

Idan ta sauka bakin ruwa da safe, masunta za ta tarar da masu sayen kifi da masu injin ban-ruwa. Duk waɗannan mutane ne da ruwan ya ba abinci, kuma za su gaya mata gaskiyarsu: madatsa alheri ce. Za ta yi hira da ashirin, ta ji magana ɗaya, ta rubuta cewa ta kai ƙoshi. Ba ta kai ba. Rijiya ɗaya ta yi ta ja. Manufa ta gaskiya za ta tilasta mata ta zauna tun farko ta tambayi kanta: su wane ne ruwan nan ya taɓa ta fuskoki mabambanta? Akwai wanda gonar gadonsa ke ƙarƙashin ruwa aka ba shi wata, da wanda aro yake nomawa saboda haka sunansa bai shiga takardar kowa ba. Akwai makiyayin da hanyar shanunsa da mashayarsu suka canja. Akwai matar da fadamar da take samun ganye da itace ta nutse, wadda ba wanda ya taɓa lissafa asararta domin ba ta da gona. Akwai yaron da aka haifa bayan madatsa, wanda bai san wata duniya ba sai ta jirgi da koma.

Sannan akwai wanda ya fi kowa wuyar samu, wato wanda ya tafi. Mutumin da abin ya fi yi wa ciwo mai yiwuwa ba ya ƙauyen ma. Yana tura baro a wata kasuwa a Kano ko yana gadi a Zariya. Duk binciken da aka yi a inda abu ya faru, waɗanda suka iya zama ake tararwa. Ƙuri'ar da aka jefa a kan jerin gidajen yau ba za ta taɓa faɗawa kansa ba, amma mai zaɓe bisa manufa yana iya cewa, "A haɗa ni da waɗanda suka bar gari," ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan ya kai shi ga wancan. A nan ne hanyar ta fi ƙuri'a nesa ba kusa ba, kuma a nan ne ake ganin wanda ya yi aikin da wanda ya ari sunansa kawai, domin bin sawu yana cin kuɗin mota da tafin takalmi.

Akwai wani al'amari da littattafan hanyoyin bincike ba su cika tsayawa a kai ba, saboda marubutansu ba a ƙasar sarauta suka yi aiki ba. A wurinmu baƙo ba ya faɗa wa gari haka kawai. Karaye da Rogo, tun dokar 2024, su ne suka haɗu suka zama masarautar Karaye mai daraja ta biyu, kuma daga fada zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, tsani ne da mai bincike zai taka. Daidai ne ya taka shi. Ladabi ne, kariya ce kuma a gare shi da waɗanda zai shiga gidajensu. Amma ka lura da abin da ke biyo baya. Ka ce wa mai unguwa kana son dattawan da suka san tarihin ƙaura, zai aika a kira maka mutum biyar. Da kyakkyawar niyya zai zaɓo masu iya magana, masu mutunci, waɗanda ba za su kunyata gari a gaban baƙo ba. Ba zai kira wanda suke shari'ar gona da shi ba, ba zai tuna da bazawarar da ke bayan gari ba, Bafulatanin da ke gefen daji kuwa a ganinsa ba ɗan unguwa ba ne. An yi zaɓe bisa manufa, babu shakka, sai dai manufar ta mai unguwa ce. Kuma idan aka yi hirar a ƙofar gidansa yana zaune, ko waɗanda ya kira ɗin rabin bakinsu za su buɗe.

Maganin wannan ba raina masu gari ba ne. Ka karɓi mutum biyar ɗin da godiya, ka ɗauke su a matsayin ƙofa ta farko, sannan ka nemi wasu ƙofofin: ungozoma, sarkin ruwa, arɗo, malamin tsangaya, mai shayin da samari ke taruwa wurinsa. A ƙarshen kowace hira akwai tambayar da nake roƙon ɗalibaina kada su bari: "Wa kika sani da ba zai yarda da abin da kika faɗa mini ba?" Mutanen ƙauye sun san masu saɓa musu sarai, kuma sau da yawa da dariya za su nuna maka gidan.

Batun adadi kuwa, ya zama abin dariya. Masu ƙididdiga suna da 384 da suka gada daga jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, suna liƙa shi ko ya dace ko bai dace ba. Masu hira su ma sun samo nasu, 12. Asalinsa wani nazari ne da Greg Guest da abokan aikinsa suka buga a 2006, inda suka bi hirarraki 60 da aka yi da mata a Gana da Nijeriya, suka ga cewa mafi yawan jigogin sun riga sun bayyana a hirarraki 12 na farko. Amma matan nan yanayin rayuwarsu kusan ɗaya ne, tambayoyin da aka yi musu ma a tsare suke, kuma marubutan da kansu sun yi wannan gargaɗi. Wanda ya haɗa masunci da makiyayi da manomi da wanda ya yi ƙaura a bincike ɗaya ba shi da hurumin fakewa da 12.

Laifin da ya fi damuna shi ne wanda ake yi a babi na huɗu. Bayan ɗalibi ya zaɓi mutum 20 da hannunsa, sai ka ga ya zana jadawali: kashi 70 cikin 100 sun ce madatsa ta amfane su. Kashi 70 na wa? Na mutum 20 da shi ya ɗebo. Da ya ƙara makiyaya biyar ya rage masunta biyar, da alƙalamin ya kife. Wannan shi ne ainihin kuskuren da Neyman ya binne a 1934, muna tono shi duk shekara muna ba shi digiri. Kuma abin ba ya tsayawa a ɗakin karatu. Irin waɗannan kundaye da rahotannin ƙungiyoyi su ake ɗauka a kai teburin da ake yanke wa za a ba injin ban-ruwa, ina za a fitar da burtali, wace unguwa ce ke buƙatar makaranta. Ƙidayar 2006 ta ba Rogo mutum fiye da 220,000, Karaye fiye da 140,000. Idan muryar mutum 20 da aka samu a inuwa ɗaya ta koma "kashi 70 na al'umma", wanda ba a tambaya ba an yanke masa hukunci da sunan ilimi, bai ma san an yi zaman ba.

Abin da nake nema a babi na uku bai wuce shafi biyu ba. Ka gaya mini irin mutanen da tambayarka ke buƙata da dalili. Ka gaya mini ta hannun wa ka same su, a ina aka zauna, wa ke wurin. Ka faɗi wanda ka nema ya ƙi, da wanda ba ka iya kaiwa gare shi ba, da abin da rashinsa zai iya ɓoye maka. Idan kai namiji ne kuma ba ka wuce zaure ba, ka rubuta haka, kada ka kira aikinka ra'ayin al'umma. Ka sakaya sunayensu, domin a ƙauye siffa uku ta isa a gane mutum, kuma kai za ka koma birni, shi zai kwana da maƙwabtansa.

Ga ɗaliban tarihi da nazarin al'umma 'yan Karaye da Rogo kuwa, akwai aikin da ke jira. Baba ta rasu a 1951, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan hirar, ba ta ga littafinta ba. Waɗanda suke da shekara talatin lokacin da ruwan Challawa ya hau gonakinsu yau sun haura sittin, waɗanda suka jagoranci ƙaurar kuwa sun fi haka nesa. Su ne suka san sunayen fadamun da ke ƙarƙashin ruwan, da iyakar gonar wane da wane, da inda maƙabartar take.